"SAI SHAWARA TA ZO DAGA DUTSE": ƊAURIN DA BA ALƘALIN DA YA YANKE SHI

Rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman mutanenmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Akwai yaron maƙwabcinmu, ɗan acaba. Wata Alhamis ya ɗauko fasinja daga kasuwar Maigatari, ashe ana neman mutumin kan ƙwacen waya da wuƙa. Aka tare su a hanya, fasinja ya zubar da buhunsa ya ranta a na kare, aka kama mai babur. Wata bakwai ke nan. Ba a saurari shaida ko ɗaya ba, ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Duk ranar zama uban zai sa babbar rigarsa ya tafi kotu, a kira suna, a ce shawara ba ta zo ba, a ɗaga. Babur ɗin ma na bashi ne, yana can a ajiye rana da ruwa sun gama da shi, mai shi kuma kullum yana ƙofar gida.

Da na yi wannan maganar a majalisa, wani ya ce min ai hayaƙi ba ya tashi sai da wuta, da bai yi wani abu ba da ba a kama shi ba. Wallahi wannan maganar ce ta sa ni rubutu. Kamu daban, hukunci daban. Idan kamu ya isa hujja, me ake yi da alƙali?

Bari in ɗan warware yadda abin yake, don da yawanmu in an ce kotu, duk ɗaya muke ɗaukarsu. Ƙaramar hukuma ba ta da kotu. Tun ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su ƙarƙashin jiha, don haka zuwa wajen ciyaman ko kansila a ce ya sa baki a shari'a, roƙon alfarma ne kawai, ba hurumi ba. Kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci da ke garuruwanmu duk na jiha ne, haka Babbar Kotu. Ita kuma kotun tarayya tana Dutse, can ake kai shari'ar ƙwaya da ta fasa-ƙwauri, abin da mu 'yan bakin iyaka muka fi kowa sani. A kama yaro da kaya a Maigatari, iyayensa su riƙa cin tafiyar fiye da kilomita 100 don kawai su ji an ɗaga. Ɗaukaka ƙara kuwa sai Kano, daga nan Abuja. Talaka nawa ne zai kai can?

To ga inda gizo ke saƙar. Majistare ba shi da hurumin yanke shari'ar fashi da makami ko kisa. 'Yan sanda sun san haka sarai, amma gabansa suke kai mutum da takardar tuhuma. Shi kuma abin da zai iya kawai shi ne ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali, a kai fayil Ma'aikatar Shari'a a Dutse, lauyoyin gwamnati su duba su ce a gurfanar a Babbar Kotu ko a sake shi. Tsakanin teburin ɗan sanda mai bincike da teburin lauyan gwamnati ake rasa mutane. Wani fayil ɗin bai ma bar caji ofis ba. Wani an yi wa mai binciken canjin wurin aiki. Wani sai dangi sun ba da "kuɗin mota" kafin takarda ta motsa.

Kuma ba wai babu doka ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce in akwai kotu cikin kilomita 40, a kai wanda aka kama gabanta cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu. Ya ce wanda ke tsare, in aka yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko da bisa sharaɗi. Sai dai sashen ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Kun ga ƙofar? Da an rubuta "fashi da makami" a takarda, shi ke nan, an kulle mutum da alƙalami. Shi ya sa rigimar waya tsakanin samari take wayar gari ta zama fashi.

Dokar tarayya ta 2015 kan shari'ar laifuka ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa: umarnin tsarewa kwana 14 ne, in za a ƙara sai an kawo dalili, kuma ƙarin yana da iyaka. Ta ce majistare ya riƙa leƙa ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga waɗanda ke tsare. Jigawa ma ta yi tata a 2019. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta haramta kama mutum kan bashi. Ku gaya min tsakani da Allah, a ƙauyukanmu an daina? Amma duk da waɗannan dokoki, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

Mu ma fa da namu. Direbobinmu da 'yan acaba, in jami'in kiyaye haɗurra ya tare ka, laifinka yana da tara ƙayyadajjiya, ana rubuta maka takarda ka biya a banki ka karɓi rasit. In ka ga ba ka yi ba, kana da damar zuwa gaban majistare. Amma sai mu zura hannu a aljihu mu ce "Yallaɓai, a taimaka". A bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, mu ne masu saurin kai kuɗi kafin a tambaya, saboda tsoron kalmar kotu. Na fahimci tsoron, wanda ya ga abin da ya sami yaron nan ba zai so ya gwada ba. Amma kowace naira da muka miƙa, kamun gobe muke sayowa.

Ni ba alƙalai nake zagi ba, na san akwai masu tsoron Allah a cikinsu da ke jin ciwon ɗaga shari'ar da ba su da ikon yankewa. Kuma ban ce a saki 'yan fashi ba, kada wani ya zo min da wannan a ƙasa. Mai laifi a yanke masa, ya san shekarunsa ya ƙirga. Tambayata ga 'yan majalisarmu na jiha huɗu ce: wanne a cikinku ya taɓa tashi a zaure ya nemi a kawo masa adadin mutanen mazaɓarsa da ke jiran shawara, da watannin da kowa ya yi? Rabon babura kun iya. Me zai hana a ajiye lauyoyin gwamnati isassu a Gumel su riƙa duba fayilolin masarautar nan a nan, maimakon takarda ta je Dutse ta kwana? Ziyarar da Babban Joji ke kaiwa gidajen gyaran hali yana sakin wasu abin yabo ce, amma wanda aka saka bayan shekara biyu, wa zai biya shi daminarsa biyu?

Wanda yake da ɗan'uwa a irin wannan hali, ya nemi lambar shari'ar da ranar da aka fara tsare shi, ya kai wa Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi a Dutse, aikinsu kyauta ne ga marar hali. Lauya na iya neman beli a Babbar Kotu ko da majistare ba shi da hurumi. Mu ma abin da muka yi ke nan makon jiya, bayan wata bakwai ba wanda ya gaya wa uban yaron cewa akwai wannan hanya. Ku tura wa ɗan majalisarku wannan rubutu, in ya amsa ku kawo mana amsar nan mu gani.