Abin Hawan Samari Da 'Yan Mata A Ƙasashen Duniya

'Yan'uwana mata, sau da yawa akan ce babu abin da yaron zamani yake so irin mota. To, ba a ko'ina maganar ta tabbata ba.

A Amurka, inda mota ta zama kamar takalmi, a 1983 kashi 46 cikin ɗari na masu shekara 16 suna da lasin tuƙi. Zuwa 2014 abin ya sauko, bai ma cika kashi 25 ba. Mota da inshora sun yi tsada, ga kuma waya a hannu, yaro yana kwance a ɗaki zai yi hira da abokinsa. A Holan kuwa kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa. Ba wai da son keke aka haife su ba. Hukuma ce ta ware wa keke hanyarsa dabam, don haka uwa ba ta fargabar mota za ta buge mata ɗa.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne sha'anin 'ya'ya mata. Ita mace ba sauri take fara tambaya ba, tambayarta ita ce ko za ta isa da mutuncinta, ba wanda ya matse ta. Shi ya sa a jiragen ƙasa na Alƙahira da Tokiyo da Delhi aka keɓe wa mata taragonsu. A jihar Bihar ta Indiya, a 2006 gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke. Makarantun sakandare suna nesa da ƙauyuka, iyaye kuma ba su yarda 'yarsu ta yi wannan doguwar tafiya a ƙasa ita kaɗai ba. Da keke ya samu, sai 'yan matan suka riƙa fita ayari guda. Masu bincike sun gano shigarsu sakandare ta ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. Keke kawai fa!

Mu a nan, Kano ta shigo da A Daidaita Sahu a 2005 don mata su huta da hawan acaɓa, a 2013 kuma aka hana acaɓar ɗaukar fasinja. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin Sahun ma ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Duk malamar da ke kiran suna da safe ta san wanda ke fara fashin makaranta idan kuɗin mota bai ishi yara biyu ba. Namiji ya hau keken babansa ya tafi, ita kuwa a ce keke ba na mace ba ne, ta zauna ta yi wanke-wanke.