Farar Ƙura a Gonakin Bakolori: A Gane Ciwo Kafin a Nemi Magani

Yau hankalina yana kan manoman rani na Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suka dogara da ruwan madatsar Bakolori tun da aka kammala ta a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da tattasai da attarugu da tumatir da kuɓewa da kankana ke fure, wata cuta kan sauka a kan ganye kamar an barbaɗa masa toka. Zan kira ta farar ƙura. Yadda ake yaƙar ta ya shafi aljihun manomi, ya kuma shafi tukunyar miyar kowane gida.

Farar ƙura funfuna ce, iska ke ɗaukar ƙwayoyinta daga gona zuwa gona. Yawancin cututtukan funfuna sai ganye ya jiƙe suke kama shi, amma ita rana mai ɗumi da dare mai sanyi da ɗan laima sun ishe ta, shi ya sa take jin daɗin noman rani. Mutane da dama kan ɗauke ta ƙurar hunturu ce. Bambancin a fili yake: ƙurar hunturu kan kwanta bai ɗaya a saman ganye, ita kuwa cutar tabo-tabo take fitowa. A kankana da kuɓewa farin yakan bayyana a sama, a tattasai da tumatir kuwa saman ganye rawaya yake yi, sai an juya shi a ga farin gari a ƙasa. In ta yi ƙarfi ganye ya zube, rana ta ƙone 'ya'yan da suka rasa inuwa. A mangwaro furen take kamawa ya bushe ya kaɗe.

Abin da ke damuna shi ne matakin da manomi kan ɗauka. Ran Talata ya shiga kasuwar Mafara, ya ce a ba shi magani mai ƙarfi, a miƙo masa kwalbar maganin ƙwari. Maganin ƙwari kuwa ba ya kashe funfuna. Kuɗi sun tafi, cuta tana nan, zumar da ke barbarar furen kankana ta mutu, guba kuma ta zauna a jikin abin da za a tsinka gobe. Mun ga ƙarshen irin wannan sakaci a 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya saboda ragowar gubar da ke cikin Sniper da ire-irensa. Wanda Turawa suka ƙi, mu muka cinye. A Kanada ma, inda doka ta halatta tabar wiwi a 2018, sai da hukuma ta sa aka janye wasu kaya daga kasuwa tun 2017, don an fesa wa shukar wani maganin funfuna da ba a amince da shi ba. A nan wiwi haramun ce a shari'a da doka, amma darasin namu ne: in ana tsaron furen da za a zuƙa haka, ina ga barkonon da za a daka wa yara?

Rigakafi ya fi magani, kuma ba ya cin kuɗi. A ba shuka tazara don iska da rana su ratsa. A rage yawan takin yuriya, domin ɗanyen toho mai laushi shi cutar ta fi so. A riƙa juya ganyen ƙasa ana dubawa kowane mako, wanda ya kamu a tsinke a binne nesa da gona. Kada a bar tsohuwar gonar da aka gama girbi tana kusa da sabon dashe, don ita ce rumbun cutar.

Idan feshi ya zama dole, tsohon maganinta farar wuta ce. Da ita manoman inabi na Faransa suka ceci gonakinsu a shekarun 1850, har yau kuma ana sayar da garinta da ake damawa da ruwa don feshi. Sai dai tana da sharaɗi: tana ƙona ganye in zafi ya haura digiri 32, don haka da yamma ake fesa ta, a kuma guje mata in bazara ta kama. Ba a haɗa ta da mai, ko a fesa su kusa da juna ƙasa da mako biyu. Kankana da danginta ba su cika jure mata ba, sai a gwada a kan 'yan tsiraru tukuna.

Akwai kuma masu sauƙi. A 1999 wani masani a Brazil, Wagner Bettiol, ya nuna madarar shanu da aka sirka da ruwa tana rage cutar a kan wani nau'in kabewa. Kashi 1 na madara cikin 9 na ruwa, ana maimaitawa kowane mako. Hodar soda ta masu burodi, kimanin giram 5 a litar ruwa, da man darbejiya su ma suna taimakawa. Dukansu a farkon cuta suke aiki, ba sa dawo da ganyen da ya riga ya mutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya zaɓi maganin kanti, ya tabbata na funfuna ne, yana da lambar NAFDAC, ya kuma nemi a karanta masa kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Ya rufe hanci da hannu, kada ya wanke injin feshi a magudanar da mutane da dabbobi ke sha.

Kirana ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da kwalejin aikin gona ta Bakura, da malaman gona na jiha: tun da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya gyara hanyoyin ruwa, saura ilimi. A koya wa masu sayar da magani bambancin ƙwaro da funfuna, domin su ne likitocin da manomi ya fi zuwa wurinsu. Ɗalibanmu kuma da ke komawa gida hutu, su karanta wa iyaye abin da ke jikin kwalba.

Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya tsare mana lafiya. Sai mako mai zuwa.