Sharhi: A tambayi likita tun kafin a sa hannu

A watan Janairun 2024 ne aka yi wa Sarki Charles na Ingila aikin kumburin ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara, fadarsa kuma ba ta ɓoye ba. Ya kamata magidanta Hausawa mazauna unguwar Rusholme a birnin Mancesta su yi koyi da shi, su ajiye kunya a gaban likita.

Tiyatar da aka fi yi, ta kankare ƙululun ta hanyar fitsari, takan kawo sauƙi ƙwarai. To amma ga mafi yawan maza, maniyyi yakan riƙa komawa cikin mafitsara maimakon ya fito. Hakan ba ya cutar da lafiya, sai dai yana rage haihuwa. Kaɗan kuma kan gamu da raunin gaba.

Akwai wasu hanyoyin, kamar UroLift wadda hukumar NICE ta amince da ita a 2015, da galibi ba ta jawo wannan matsala, ko da yake ba kowa ta dace da shi ba. Saboda haka mai son ƙarin 'ya'ya ya faɗa tun da wuri, ya kuma shawarci maiɗakinsa, domin rashin sani ya fi dare duhu.