Daga Baitulmalin Tarayya Zuwa Rumfar Mai Walda A Dutsi

Makon da ya shige, a kan hanyata ta zuwa Daura daga Katsina, motar da na shiga ta sami matsala a daidai Shargalle ta ƙaramar hukumar Dutsi, muka sauka muka fake a inuwar rumfar wani mai walda, inda na shafe fiye da sa'a guda ina kallon wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana haɗa ƙyauren ƙarfe, ya tare idonsa da baƙin tabarau irin na kasuwa, ƙafarsa cikin silifas, tartsatsin wuta na zuba masa a kan yatsu, shi kuwa ko gezau. Da na tambayi maigidansa ko ya ji labarin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta ware domin masu koyon sana'a, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Mun ji a rediyo, Malam, amma irin wannan abu ba ya wuce birni." Tun daga ranar maganar nan ba ta bar zuciyata ba.

Abin da ya ji a rediyo gaskiya ne. A shekarar 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ƙaddamar da shirin farfaɗo da ilimin fasaha da sana'a, wanda a cikinsa aka ɗauke wa ɗaliban kwalejojin fasaha na tarayya kuɗin makaranta, aka yanka wa masu koyo alawus na naira 22,500 a kowane wata, aka kuma ce kashi 80 cikin ɗari na karatun zai zama aikin hannu ne, ragowar 20 ɗin na allo da alli. Niyya ce kyakkyawa, ba ni da ja a kanta, kuma duk wanda ya ga yawan samarinmu da ke zaune a bakin titi ba aikin fari ba na baƙi zai yi wa shirin fatan alheri. Sai dai shekaru sun koya mini cewa a ƙasar nan ba wajen ware kuɗi ake samun tasgaro ba, a wajen tasarrufi da su ne, wato a doguwar hanyar nan da ke tsakanin sa hannun minista a Abuja da hannun yaron da ke riƙe da guduma a Dutsi.

Mu da muka yi sakandare bayan an shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 shaidu ne. An yi odar injunan koyar da fasaha daga ƙasashen Gabashin Turai da kuɗi masu yawan gaske, aka rarraba wa makarantu, kuma ina tune da yadda aka sauke namu cikin manyan akwatunan katako, aka jera su a wani ɗaki aka garƙame da kwaɗo, saboda babu wutar lantarkin da za ta tayar da su, babu kuma malamin da ya san makamarsu. Muka shekara uku muna leƙensu ta taga, muna zana hoton zarto da kurfi a littafi muna haddace sunayensu da Turanci, har muka fita ba wanda ya taɓa yanka katako ko sau ɗaya, gara kuwa ta gama da akwatunan, tsatsa ta gaji abin da ke ciki. Ba a sace injunan nan ba, amma an tozarta su, kuma a wurin malamanmu tozarta dukiyar baitulmali da cin ta duk cin amana ne.

Hukumomi kam ba mu rasa ba. Akwai asusun horas da ma'aikatan masana'antu, ITF, tun 1971, mai hedikwata a Jos. Akwai hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, tun 1977 a Kaduna. Akwai hukumar samar da aikin yi, NDE, tun 1986. Amma wanda ya lura da yadda aka shimfiɗa dokokin kuɗin zai ga wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba. Asusun harajin ilimi da aka kafa a 1993 da fari yana taimakon kowane mataki na karatu, sai dokar 2011 ta mai da shi TETFund ta keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai kaɗai, alhali kuɗin hukumar UBEC, bisa dokar 2004, iyakarsu firamare da ƙaramar sakandare, su ma sai jiha ta ajiye nata kason kafin a sakar mata. Saboda haka kwalejin fasaha ta jiha irin ta Mashi, wadda ke kusa da ɗan Dutsi, kuma ita ce ainihin matakin da ake ƙera magini da kafinta da mai haɗa wuta, ta zama marainiya a tsakanin asusu biyu, na sama ya ce ba ta kai ba, na ƙasa ya ce ta wuce.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje risalar nan ta Usulus Siyasa, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban mai mulki, har da tabbatar da cewa ƙauyuka ba su rasa rabonsu na masu sana'ar ba. Malaman fiƙihu kuma sun daɗe da lissafa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa sai da su a cikin farali kifaya, wanda in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ke nan kuɗin da aka fitar domin tsayar da wannan farali ba kyautar gwamnati ba ce da za a yi mata godiya a yi shiru, haƙƙi ne da za a bi bahasinsa.

Abin da nake gani shi ne, kaso mafi tsoka ya kamata ya tafi ga abubuwan da ba a yanka musu zare a gaban 'yan jarida: katako da ƙusa, sandar walda, yadi da zare, man janareto ko faifan sola, gyaran injin da ya tsaya, da albashin malamin da zai yarda ya zauna a ƙauye. Ɗan kwangila ya fi son gini da sabon inji domin a nan ribarsa take, amma yaro ba ya iya walda sai ya ƙona sanda ɗari, yarinya ba ta iya ɗinki sai ta ɓata yadi, kuma makarantar da ba ta da abin ɓatawa ba ta da abin koyarwa.

Sa'an nan a nemi iyayen gidan sana'a inda suke. Farfesa Idris Bugaje, shugaban NBTE, tun yana jagorancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna yake fafutukar a gwada gwanayen kasuwar Panteka a ba su takardar shaidar abin da hannunsu ya riga ya iya, kuma hujjar da ta halatta wannan a Panteka ita ce ta halatta shi a Shargalle. A tantance mai waldan nan, a biya shi ladan kowane yaron da ya yaye, a ba yaran tabarau da safar hannu na ƙwarai. Rajistar shirin da aka ce sai ta intanet, da lambar ɗan ƙasa da asusun banki, tana toshe ƙofar sunayen bogi, na yarda, amma tana toshe ta har ga yaron da ba shi da waya, in ba a ajiye masa magatakarda a sakatariyar ƙaramar hukuma da zai cike masa kyauta ba.

Daura ta sami kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, ga kuma jami'ar sufuri da aka aza harsashinta a ƙarshen shekarar 2019 ɗin, amma idan ba a raya matakin ƙasa ba, 'ya'yan wasu wurare ne za su cika azuzuwansu, namu su tsaya a bakin ƙofa suna sayar musu da ruwan leda.

Don haka nake roƙon ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Mashi da Dutsi, da shugaban ƙaramar hukuma, da mai girma Hakimi, su nemi a ba su adadin gurabe da kuɗin da suka faɗo wa Dutsi a wannan shiri, da sunayen cibiyoyin da aka amince da su, a liƙa takardar a sakatariya da ƙofar fada, a kuma karanta ta bayan sallar Juma'a a kowace gunduma. Ku kuma iyayen yara, in an liƙa ku je ku duba, in ba a liƙa ba ku je ku tambaya.