Mataccen jirgin ƙasan wasa ya fi sabuwar wayarka koyar da gyara

Duk matashin da ke son ya gane yadda na'ura take aiki, shawarata ita ce ya nemi tsohon jirgin ƙasan wasa mai amfani da lantarki, wanda ya daina tafiya, ya zauna ya tayar da shi. Na san wani zai yi dariya ya ce a Shanono ina muka ga jirgin wasa, mu da muka tashi da motar kara da ta gwangwani. Gaskiya ne, ba shi da yawa. Amma jefi-jefi yakan faɗo cikin kayan wasa na gwanjo da ake jibgewa a kasuwannin Kano, kuma in mai kayan ya gwada bai motsa ba, da araha yake rabuwa da shi.

Ba na roba mai ƙananan batura nake nufi ba. Ina magana ne kan masu dogon ƙarfe, irin na kamfanin Lionel da aka kafa a Amurka a 1900, ko Märklin na Jamus, ko Hornby Dublo da ya fito a Ingila a 1938. An ƙera su ne da sanin cewa wata rana za a buɗe su. Sukudireba ɗaya ta isa ka ga cikinsu.

Abin da ya sa nake ganin darajarsu shi ne hanyar wutar a fili take. Daga taransifoma ta bi waya, ta shiga dogo, ta hau ƙafafun jirgin, ta isa ɗan moton da ke juya su, sannan ta koma. Wurare biyar ke nan, kuma in jirgi ya ƙi tafiya, a ɗayansu matsalar take. Ba ka buƙatar canke. Ka ɗauki mita ka auna bakin taransifoma. Akwai wuta? Ka auna kan dogo, kusa da inda waya ta shiga, sannan can nesa. Idan ta ragu a nesa, mahaɗar dogon ce ta saki ko ta yi tsatsa. Idan dogo lafiya lau, ka ɗaga kan jirgin ka taɓa wayoyin kai tsaye a inda yake ɗaukar wuta. Ya juya? To datti ne a ƙafafu ko saman dogo, ba injin ne ya mutu ba.

Kuma mafi yawan lokaci dattin ne. A nan ƙasarmu ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta hana wuta wucewa. Tsumma mai tsabta da ɗan sifirit sun wadatar. Kada ka kuskura ka goge dogo da soson ƙarfe, domin maganaɗisun moton zai janye ɓurɓushin ya kai shi inda zai yi ɓarna. Idan moton da kansa ne ke gurnani ba ya juyawa, ka duba burushinsa na gawayi, ƙannen waɗanda mai gyaran janareta ke canzawa. Sukan cinye, ko kuma tagullar da suke gogawa ta yi baƙi. Maiƙo kuma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan gindin abin da ke juyawa, ba a kan tagullar ba. Man gyaɗa da man ja su zauna a kicin, daskarewa suke yi su kama ƙura.

Wuri ɗaya ne ba na wasa da shi. Wutar gidajenmu volt 230 ce, ta Amurka kuwa kusan 120. Ka soka tsohuwar taransifomar Amurka kai tsaye a soket ɗinmu, ƙonewa za ta yi, in ma ba ta tayar da gobara ba. Ka karanta rubutun jikinta tukuna. In robar wayarta ta bushe tana farfashewa, ka ajiye ta gefe. Jiragen da ke kan dogo biyu galibi wutar DC suke sha, har zuwa volt 12, don haka batirin sola da ɗan abin rage gudu da fis za su iya tafiyar da su. Masu dogo uku irin na Lionel da AC aka saba ba su. Ka ba moton DC wutar AC, sai dai ya yi ta karkarwa yana zafi.

Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma ba a aji na koya ba. Abin da nake yi idan manhaja ta ƙi aiki daidai yake da wannan: ka raba hanya gida-gida, ka gwada ɗaya, ka tabbatar, sannan ka matsa gaba. Wannan ɗabi'ar ce nake ganin ta yi ƙaranci a wajenmu. Waya ta ƙi caji, kafin a leƙa ko auduga ce ta toshe bakin, an ce a canza batir, a canza ƙasan caji, a yi fulashin. Kuɗi ya tafi, wani lokaci har da hotunan mutum, matsalar kuma tana nan.

Wani zai ce waya ba jirgin wasa ba ce, kuma yana da gaskiya. Cikinta a matse yake, an liƙe ta da gam, wasu sassan ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Shi ya sa ma ba a kanta ya kamata a fara koyo ba: kuskure ɗaya ka yi asarar kuɗin buhunan hatsi. Ko a Turai sai da doka ta shigo. Faransa ta fara tilasta wa kamfanoni nuna makin sauƙin gyara a jikin wayoyi a 2021, Tarayyar Turai kuma daga Yunin 2025 ta wajabta a ci gaba da samar da kayan gyaran waya har shekara 7 bayan an daina sayar da ita. Abin da masu ƙera jiragen nan suka yi da kansu tun zamanin kakanninmu, yau sai an tilasta.

Idan ka zaga ba ka samu jirgin ba, tsohuwar rediyo mai kaset tana da ɗan moton DC a ciki, wanda yara ke cirewa su yi fanka da shi. Mita mai araha, batir, da guntayen waya biyu, ka fara da shi.