Teku Ba Ta Yi Mana Nisa Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwa malamai da akawuna abin da na gano a Ikko.

Mu mutanen Kasuwar Daji, in an yi zancen teku, sai mu ce ai wannan na mutanen Kudu ne. Ni ma da haka na ɗauka, sai da na je Ikko, wani aboki ya kai ni bakin ruwa, ya nuna mini wani kulob da a ke kira Lagos Yacht Club, wanda Turawa suka kafa a 1932. Aikin 'yan kulob ɗin wasa da ƙananan jiragen ruwa. Su kan ɗaura wa jirgi wani babban ƙyalle a jikin dogon itace, iska ta buga shi ta tura jirgin, su yi ta tsere don nishaɗi.

Ina kallo sai na tuna ruwan nan ba wasa kaɗai ya gani ba. Ta nan aka riƙa fitar da bayi zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, cikinsu har da Hausawa masu yawa. Cikin Disamba 1851 manuwar Ingilishi, watau jiragen yaƙi, suka yi wa Ikko ruwan igwa, Sarki Kosoko ya gudu, suka mai da Akitoye, ya sa hannu a kan zai hana cinikin bayi. A 1861 kuma suka girke wata manuwa mai suna Prometheus a bakin gari, Sarki Dosunmu ya sallama musu Ikko.

To, ga inda zancen ya fi shafarmu. Akwai wani hafsan sojan ruwa, Glover, wanda jirginsu ya fashe kusa da Jebba a 1857. A 1863, yana riƙe da mulkin Ikko, ya tara Hausawa, galibinsu bayin da suka tsere, ya koya musu aikin soja. Su ne tushen sojan Nijeriya. Ashe sojan ruwa ne ya fara ɗaukar kakanninmu soja! Rundunar sojan ruwa ta ƙasarmu kuwa sai a 1956 aka kafa ta.

Kada kuma mu manta, tun da reluwe ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da audugar da manomanmu suka noma sun yi shekaru suna bin jirgin ƙasa har bakin tekun nan, daga can a yi Turai da su. Kuɗin da talaka ya biya haraji da shi, ta ruwan nan ya biyo.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, in sun zo darasin labarin ƙasa, kada su tsallake teku. Yaron da bai san ta inda aka shigo aka ci ƙasarsa ba, yaya zai san inda ya kamata a tsare? Wanda kuma ya nuna sha'awar aikin sojan ruwa, kada a ce masa ɗan tudu ne. Ba a haifi kowa da iyo ba, koya a ke yi.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Malami,
Kasuwar Daji.