Uwargida, Duba Rishonki

Ga hunturu ya kawo kai, kowa kuwa ya san yadda sanyin fadamar Haɗeja yake ratsa ƙashi a Disamba da Janairu. To, a nan Malam Madori mun saba toshe taga da tsumma, mu shigar da risho ko kaskon gawayi ɗaka, musamman ɗakin mai jego. Wannan al'ada tana kisa.

Rishon da lagwaninsa ya cinye, ko ƙarfensa ya tsage, ba ya ƙone kananzir sarai. Maimakon wuta shuɗiya sai ki ga ja, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. A nan ne yake fitar da gubar da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari balle launi. Gawayi ma haka, ko ya daina hayaƙi. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. Jariri kuwa ba shi da bakin faɗa.

In kika ga mutanen ɗaki guda sun kamu tare, kada ki ce iskoki ne. Buɗe ƙofa, a fitar da su waje, a garzaya Babban Asibitin Haɗeja.